Bai Yi Daidai da Samfur Ba

Saƙon baki aka ba ni, kuma da na san nauyinsa da na ce jakata ta cika. A filin jirgin Kano ne, a ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da zuwa Caina bai zama ruwan dare ba, duk mai tafiya sai dangi sun rako shi kamar zai je Makka. Ina cikin sallama da mutanena sai wani dattijo ya ja hannun rigata. Siriri ne, furfura ta gama da kansa, yana sanye da wata kwat da ta ga jiya ta ga yau. Ya tambaye ni ko ni ne zan sauka wurin Alhaji a Guangzhou, na ce ni ne. Ya ce in gaya masa mai ganga ya rasu, saura su uku, kuma wani mai otal a Kaduna yana so su haɗu su yi wasa ko sau ɗaya ne bayan babbar salla. Ya ce ba ya son dogon bayani, i ko a'a kawai zan kawo masa. Ya kwatanta mini shagon gyaran rediyon da yake zama a Sabon Gari, ya sake ni.

Na hau jirgi ina tunanin tsohon ya yi makuwa, don Alhazai a Kano sun fi gaban a ƙirga. Alhajin da na sani abokin yayana ne, ɗan kasuwar Kwari, gajere mai tumbi da sanƙo da tabon salla a goshi. Yana cikin mutanenmu na farko da suka gano hanyar Guangzhou. Shi yake ja mana salla a ɗakin otal, shi ake ba ajiyar fasfo, shi yake raba faɗa in an haɗa kaya a kwantena ɗaya wani ya cinye wa wani wuri. Ko fito ban taɓa jin ya yi ba.

Na tarar da shi a ɗakinmu, a wani ƙaramin otal da ke bayan titin Guangyuan, yana shanya singileti a gaban fanka, don a garin nan wanki ba ya bushewa sai an roƙe shi. Bayan gaisuwa da labarin gida na isar da saƙon ina dariya, ina jira ya taya ni. Bai taya ni ba. Ya zauna a bakin gado da jiƙaƙƙiyar singiletin a hannu, ya yi salati, ya yi wa mai gangar addu'a har da sunan mahaifinsa. Sannan ya ce, "Ƙanena, rufe ƙofar nan."

Ashe Alhajinmu shi ne mai jitar wata ƙungiyar kiɗan rok da ta tashi kan samarin Kaduna da Kano da Jos a shekarun saba'in. Ba zan faɗi sunanta ba, na yi alkawari. Ni yaro ne a lokacin, amma na tuna yayyena da wando mai faɗin ƙafa da suma buzu-buzu suna kulle ɗaki su kunna ta, mahaifinmu yana dukan ƙofa. Faifai ɗaya suka yi suka watse. Alhaji ya ce ba faɗa aka yi ba. Mahaifinsa ne ya rasu ya bar masa rumfa da ƙanne, kayan kiɗan kuma dama na mai otal ɗin da suke wasa ne, ranar da ya sayar da otal har jitar aka haɗa. Da wani laƙabi aka san shi a fagen wasa, sai ya aske laƙabin tare da sumar. Matarsa ta sani, 'ya'yansa ba su sani ba.

Na ce to shi ke nan, in na koma zan ce wa tsohon a'a. Alhaji ya ɗago ya dube ni ya ce wa ya ce mini a'a. A nan na gane yana so. Mutumin da ya haura hamsin, ana bin sa salla, ana ba shi amana, amma ransa yana kan jita. Ya san in ya hau dandamali a Kaduna, kafin ya sauko labari ya riga shi isa Kwari, kuma ba kowa zai sake ba shi gaba a sahu ba. Ya ce wannan ma zai iya ɗauka, in har akwai masu son abin da gaske. Abin da ba zai iya ba shi ne ya zubar da girmansa a kan kayan da kasuwa ta daina nema.

"Ɗan kasuwa ba ya odar kaya sai ya ji kasuwa," in ji shi. "Anjima a wurin cin abinci ka jefa musu maganar, ka ce ji ka yi a Kano. Ni zan saurara."

Wurin cin abincinmu wani shago ne na Musulmin Caina masu farar hula, kusa da tashar jirgin ƙasa, inda ake jan taliya da hannu a zuba ta a romon naman sa. In kasuwanni sun tashi kafin magariba nan muke haɗuwa, kowa da ledar samfurinsa. Mutum biyu ne ba sa fashi. Akwai ɗan Kumasi, ɗan zango, mai aikin lodin kwantena, dogo mai dariyar da ke sa 'yan Caina waiwaye. Ba abin da bai gani da idonsa ba a duniya. Muna tsokanarsa da cewa jakunkunan nan masu zane da ƙauyawan Caina ke kwana a kansu a bakin tasha duk danginsa ne, tunda sunan ƙasarsu suke amsawa a wurinmu. Sai kuma ɗan Maraɗi, mai sayen atamfa da takalman roba, mutum mai ƙarancin dariya da yawan gaskiya, wanda masu shagunan kasuwar Baima ke ɓoye shayinsu in sun hango shi.

Dalilin da ya sa suke tsoronsa kuwa samfur ne. Dukkanmu da samfur muke aiki, tunda ba ma jin yarensu ba sa jin namu, in ka cire nihaw da shishe da lawban da meyo, wato sannu da na gode da maigida da babu. Sai ka kawo abu daga gida ka ajiye a gaban lawban ka nuna da yatsa, ya yi maka irinsa. Kuma irinsa ɗin zai yi maka, ba ragi ba ƙari. Akwai mutuminmu da ya ba da kaftani mai ɗigon tawada a bakin aljihu, kaya suka fito kowace riga da ɗigonta a inda ya dace. To a wurin ɗan Maraɗi samfur addini ne. In kaya sun fito sai ya shimfiɗa nasa kusa da nasu ya tsura ido, in ganyen fure ya ɗan fi duhu ya ce bai yi daidai da samfur ba, ya naɗe abinsa ya fita, ko da lawban zai bi shi har titi yana kuka.

Na jefa maganar kamar yadda aka umarce ni, ina tsammanin za ta faɗi ƙasa ba wanda ya ɗauka. Ɗan Maraɗi ya ajiye tsinkayen cin taliyarsa ya sa na maimaita. Sannan ya zuge jakar da ba ya rabuwa da ita, ya fito da ƙaramar rikoda da wani kaset da ya yi baƙi don tsufa, ba hoto ba komai, sai sunan ƙungiyar da biro. Ya ce a kasuwar Maraɗi aka kwafa masa shi yana saurayi, daga wani kaset da shi ma kwafa aka yi, kuma tun daga ranar bai taɓa tafiya ba shi ba. Ya danna. Wata murya ta fito kamar daga cikin rijiya, jita na binta a hankali. Na saci kallon Alhaji, na ga ya duƙufa a kan kwanonsa yana neman nama da himma.

Tun daga ranar ba mu sake cin taliya cikin kwanciyar hankali ba. Ɗan Maraɗi ya ce dole su dawo, kuma in sun dawo ko kwantenarsa na kan ruwa zai bar ta ya tafi Kaduna. Ɗan Kumasi ya ce abin kunya ne tsofaffi su hau dandamali suna karkaɗa tumbi, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, a bar su a inda suke da daɗi. Ɗan Maraɗi ya ce murya na tsufa amma yatsa ba ya mantuwa. Ɗan Kumasi ya ce ai maganar yatsa ma ba ta taso ba, tunda mai jitar ya mutu tuntuni.

Ban san sau nawa aka kashe Alhaji a kan teburin nan ba. Ranar farko giya ce ta kashe shi a Abijan. Washegari ɗan Kumasi ya tuna cewa hatsarin mota ne a hanyar Lakwaja, wani direban da ya sani ne ma ya taya ɗaukar gawar. Da wasu 'yan Yamai suka zauna da mu, ɗaya ya ce shi ya ji yana Landan yana tuƙin tasi ya auri Baturiya, Alhaji ya ɗan samu sauƙi ranar. Ɗan Kumasi ya rantse ya kalli wasansu a garinsu, ya ce mai jitar dogo ne sambal, baƙi wuluk, ba ma Bahaushe ba ne, don Bahaushe ba zai iya wannan ba. Alhaji, wanda bai taɓa taka Kumasi ba, ya gyaɗa kai ya ce Allah mai iko.

In an nemi ra'ayinsa sai ya ce shi me ya sani a kan kiɗa, a tambaye shi farashin yadi. Amma da ya ga gardama za ta mutu sai ya ɗan hura ta. Wata rana ya kurɓi shayi ya tambayi ɗan Maraɗi, da murya irin ta mai neman ilimi, wai shi mai jitar nan da ake ta magana, da gaske ya iya ko dai zuzutawa ce.

"Alhaji, mi kac ce?" in ji ɗan Maraɗi. "Mutumin ga shi ne orkes ɗin, ƙungiyar baki ɗai. Sauran rakiya sunka yi mishi. Ranar da munka bizne mahaihina, ban yi kuka ba sai da ni koma ɗaki na ji wurin ga."

Ya mayar da kaset baya ya kunna mana wurin. Inda mai waƙa ke yin shiru ne ya bar jita ita kaɗai. Tana tafiya a hankali, da nauyi, tana ɗan rawa, sannan a tsakiya ta yi wani tsalle ta faɗa can gaba. Ɗan Maraɗi ya lumshe ido yana bin ta da baki, har tsallen. Ya ce wannan tsallen shi ne hikimar, ba mahaluƙin da zai yi tunanin yin sa sai shi. Alhaji ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya mayar da shi kan kofin shayi. Ranar shi ya biya wa kowa abinci.

Gaskiya abin ya riƙa ba ni haushi. Babban mutum ya zauna yana tatsar yabon kansa daga bakin bayin Allah, ni kuma an bar ni da riƙon sirri, ana ce mini ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na tambaye shi a ɗaki maganar tsallen, ya yi dariya ya ce shi bai taɓa yin wani tsalle ba. Rikoda ce ta taɓa cin zaren kaset ɗin, wani ya yanke wurin ya liƙe, aka yi ta kwafa da yankan. Nauyin da jinkirin kuma tsufan zare ne da raunin batir, su da sauri suke kaɗa ta, ta rawa ce. Na ce to ya gaya wa mutumin mana. Ya ce wane ɗan kasuwa ne zai ce wa mai saye ya daina son kaya.

Amma haushin bai hana ni ganin abin da ke faruwa da shi ba. Ya yanke faratan hannun hagunsa har sun kusa jini. Bayan sallar asuba, in ya zaci na koma barci, sai ya ɗauko laimarsa ya rungume ta a cinya, yatsunsa na hawa da sauka a kan sandar, leɓensa na motsi, kuma na san ba lazimi yake ba. Rannan a Baima na kama shi yana cinikin wata riga mai walƙiya, ɗaya tak, a kasuwar da ake dariyar mai sayen dozin guda. Lawban ya dubi tumbinsa ya ce meyo. Sai da ya zaga hawa uku kafin ya samu daidai shi, ya kawo ta ya cusa a ƙarƙashin samfuran kayan yara. Da yamma ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, kasuwa dai da alama tana so. Tausayinsa ya kama ni, kuma na yi masa murna, don ban taɓa ganinsa da sauƙin rai irin na kwanakin nan ba.

Ranar Juma'ar ƙarshe kafin in koma gida, muna fitowa daga masallaci ɗan Kumasi ya roƙe mu mu raka shi unguwar Liwan. Wani coci a garinsu ya yi masa odar kayan kiɗa, jita da lasifika da ganguna, shi kuwa in dai kwantena za ta cika ba ya tambayar addinin kaya. Muka bi shi ta tsofaffin titunan nan masu rumfa a gaban shaguna, har wani shago da jita ke rataye daga ƙasa har rufi kamar kilishi. Lawban ya kawo shayi, ya sauko da wata jar jita, ya jona ta da lasifika. Sai aka tsaya ana kallon juna. A ƙa'idarmu ba a biyan kaya sai an gwada, ko tocila ce sai an kunna, amma ba wanda ya san ta inda ake kama wannan. Ɗan Kumasi ya ja igiya ɗaya, ta yi ƙara kamar an taka mage.

"Kawo in riƙe maka," in ji Alhaji.

Ya zauna a kan wani kwali da babbar rigarsa ta Juma'a, ya naɗe hannun rigar a kafaɗa. Ya ɗan murɗa kunnuwan jitar yana saurare da kai a karkace. Ɗan Kumasi ya fara dariya yana cewa a yi wa liman a hankali. Sai Alhaji ya fara.

Ni ban san kiɗa ba, ba kuma zan yi ƙarya in ce ya yi ba kuskure. Sau biyu yatsansa ya zame, ya ciji leɓe ya koma. Gumi ya tsattsafo a sanƙonsa. Amma waƙar ce, wadda yayyena ke kulle ɗaki a kanta, da saurinta da zafinta, kuma da ya zo inda kaset ke tsalle bai yi tsalle ba. Ya bi ta wani wuri da ban taɓa ji ba, ya hau sama ya daɗe a can, sannan ya sauko. Masu tura amalanke biyu suka tsaya a bakin shago. Fuskar Alhaji kuwa ta koma wata iri, ban san ta ba, ta wani mutum ce da bai taɓa raba faɗan kwantena ba. Da ya gama lawban ya ɗaga masa babban yatsa, ko da yake shi wannan ko tari ka yi zai ɗaga maka in ya ga alamar ciniki.

Ɗan Kumasi ya riƙe ciki yana dariya yana cewa ashe Alhaji ma ya yi zamani. Alhaji ya ce ya ɗan taɓa ne a makaranta. Bai kalli ɗan Kumasi ba, ɗan Maraɗi yake kallo, kuma na san kallon. Kallon lawban ne in ya buɗe kwalin farko a gaban mai oda.

Ɗan Maraɗi bai yi dariya ba. Ya zuge jakarsa ya fito da rikoda, ya ajiye ta a kan lasifikar, kusa da gwiwar Alhaji, kamar yadda yake shimfiɗa atamfa kusa da atamfa. Ya nemo wurin ya kunna. Muka tsaya a shagon mutane muna sauraren jitar nan mai nauyi tana jan ƙafa, ta zo ta yi tsallenta. Ya kashe.

"Alhaji, ka yi ƙoƙari, wallahi ban zaci haka ba," ya ce, cikin ladabi ƙwarai. "Amma bai yi daidai da samfur ba. Ka cika sauri, kamar ana korar ka. Kuma a tsakiya ka ƙara wani abu naka wanda babu shi. Wurin ga da kac cika da surutu, shi mai abun tsallake shi ya yi, nan ne gwanintar take."

Alhaji ya ce haka ne.

"Ba laihinka ba ne, kowa da abun da Allah ya hore mishi. Kai ga karatu, shi ga wagga. Shi ya sa nika son su komo, don mutane su ji yadda a ka yin ta."

Jini ya hau mini kai. Na buɗe baki, kuma da an bar ni da na faɗi abin da zai sa ɗan Maraɗi ya haɗiye rikodarsa. Alhaji ya ɗora takalminsa a kan yatsun ƙafata ya danna, yana murmushi. Ya miƙa wa ɗan Kumasi jitar ya ce kaya suna da kyau, zai iya biya, sai dai ya sa a canza igiya ta uku. Ya sauke hannun rigarsa ya gyara hularsa.

A hanyar komawa ɗan Kumasi ya ce wannan ma hujjarsa ce, ga abin da tsufa ke yi wa waƙa, an gani da ido. Ɗan Maraɗi ya ce a'a, hujjarsa ce shi, ga bambancin mai koyo da mai abu. Suka yi ta yi har bakin otal, kowa na jan Alhaji ya zama shaidarsa, shi kuwa yana ba kowa gaskiya.

A ɗaki na fashe. Na ce mutum ɗaya ne fa, kuma kunnensa ne ya lalace tare da kaset ɗinsa, ya bari in je in gaya masa gaskiya ya ji kunya. Alhaji ya ce in zauna. Ya ce ɗan Maraɗi ba mutum ɗaya ba ne, shi ne mafi son su a duk waɗanda ya taɓa gani, kuma duk wanda zai sayi tikiti a Kaduna da irin kaset ɗin nan zai zo a cikin kansa. In an gaya musu gaskiya za su tafa masa don kunya, su koma gida su kunna nasu su ce da can ya fi iyawa. Ya ce kuma ranar da mutumin nan ya binne mahaifinsa, tsallen ne ya sa shi kuka, shi wane ne da zai je ya ce masa liƙi ne. Ya ciro rigar mai walƙiya daga ƙarƙashin kaya, ya duba ta gaba da baya, ya ce in kai wa ƙanena in zai sa.

Na tambaye shi me zan ce wa tsohon Sabon Gari.

"Ka ce masa na ji kasuwa. Masu saye suna nan, kuma da gaske suke. Amma abin da suke nema ba mu da shi."

Na ce tsohon ya ce i ko a'a kawai yake so. Ya ce to a'a. Ya ɗauki laimar ya rataye ta a bayan ƙofa, ya shiga alwala, ya daɗe bai fito ba.

Washegari aka haɗu a shagon taliya don yi mini sallama. A al'adarmu in wani zai koma gida Alhaji ne ke yin addu'a, a roƙa masa sauka lafiya, a roƙa wa kaya tsari daga ruwa da 'yan kwastan. Ya ɗaga hannu muka ɗaga. Yana gab da shafawa ɗan Maraɗi ya yi gyaran murya, ya ce a gafarce shi, ya san ba a saba ba, amma tunda bakin Alhaji na da albarka, a sa mai jitar nan a ciki, Allah ya komo da shi. Ɗan Kumasi ya ce in dai za a sa shi, addu'ar mamaci ce ta dace da shi. Suka fara ja, hannuwa a sama.

Alhaji ya ce su yi shiru, za a yi wa kowa tasa. Ya sunkuyar da kai.

"Ya Allah, bawan nan naka, in yana raye ka rufa masa asiri. In ya mutu ka jiƙansa, ka sa ya huta."

Muka ce amin. Ta ɗan Maraɗi ta fi ta kowa ƙarfi, ni kuwa ban taɓa jin baƙin ciki a wurin addu'a irin na ranar ba. Aka kawo taliya. Ɗan Maraɗi ya sa sabon batir a rikodarsa, ya kunna, ya ɗan tura ta gaban Alhaji don ya ƙara saurara da kyau.